Mawaƙin da aka maka a kotu don ya saci waƙar kansa: fashin baƙi kan rikicin Creedence

A watan Janairun 2023 kafofin yaɗa labarai na Amurka da Turai suka cika da labarin cewa John Fogerty, jagoran tsohuwar ƙungiyar kiɗan rok ta Creedence Clearwater Revival, ya karɓo waƙoƙinsa bayan fiye da shekara 50. Sai ga shi a watan Agustan 2025, yana da shekara 80 a duniya, ya fito da albam mai waƙa 20, kuma babu sabuwa ko ɗaya a ciki. Tsofaffin ne ya koma situdiyo ya sake rerawa, yana bin sawun yadda aka ɗauke su tun farko, har inda ganga ta faɗi da inda aka ja tsarkiyar jita. Duk wanda bai san kan zancen ba dole ya tambaya: in waƙoƙin sun dawo hannunsa, wahalar ta mece ce? Kuma tun asali, ta yaya waƙar da mutum ya tsara da kansa, ya rera da bakinsa, za ta zama ta wani, har wanin ya kai shi ƙara bisa zargin ya saci waƙar kansa?

Su wane ne Creedence

Mutum huɗu ne daga El Cerrito, wani ƙaramin gari kusa da San Faransisko a jihar Kalifoniya. John Fogerty na waƙa da kaɗa babbar jita, yayansa Tom Fogerty na kaɗa jitar rakiya, Stu Cook na kan jitar bes mai kaurin sauti, Doug Clifford kuma shi ne mai ganguna. John da Stu da Doug 'yan makaranta ɗaya ne, sun fara kiɗa tare tun 1959 da sunan Blue Velvets. Tom, wanda ya girmi John da kusan shekara huɗu, shi ne mawaƙinsu na farko, har sunansa ne a gaban na ƙungiyar. A riƙe wannan, zai dawo a gaba.

A 1964 suka shiga hannun Fantasy, wani ƙaramin kamfanin faifai da aka fi sani da kiɗan jaz. Kamfanin ya laƙaba musu suna Golliwogs ba da son ransu ba, suka yi shekaru suna fafutuka ba kasuwa. John har aikin ɗaure kaya ya yi a sito na kamfanin. A 1967 wani ma'aikacin Fantasy mai suna Saul Zaentz ya haɗa kai da masu jari suka sayi kamfanin, ya ce wa yaran su sauya suna a sake sabon lale. A farkon 1968 suka zama Creedence Clearwater Revival, suka sa hannu a sabon kwantiragi.

Abin da ya biyo baya ba a cika ganin irinsa ba. A shekarar 1969 kaɗai sun fitar da albam uku, a 1970 suka ƙara biyu. Daga 1968 zuwa 1972 albam bakwai ke nan. Waƙoƙinsu biyar sun kai mataki na biyu a jadawalin Billboard na Amurka, ciki har da "Proud Mary" da "Bad Moon Rising" da "Green River", amma ko ɗaya ba ta taɓa hawa na ɗaya a can ba, ko da yake "Bad Moon Rising" ta hau a Birtaniya. Sun yi wasa a babban bikin Woodstock na Agustan 1969, sai dai John ya hana a saka su a fim ɗin bikin don bai gamsu da wasan ba, abin da sauran ukun suka daɗe suna jin haushinsa. Waƙoƙinsu cike suke da zancen koguna da fadamun Luwiziyana, alhali su yaran Kalifoniya ne, a faifai da rediyo suka koyi wannan salon. "Fortunate Son" kuwa, wadda ta soki yadda ake kwasar 'ya'yan talakawa zuwa yaƙin Biyetnam ana barin 'ya'yan manya a gida, ta zama kamar taken wancan zamani.

A watan Oktoban 1972 aka sanar da wargajewar ƙungiyar. Ba su cika shekara biyar da wannan suna ba. Rigimar da suka bari ta haura shekara 50.

Waƙa ɗaya, dukiya biyu

Nan ne gizo ke saƙar, kuma nan ne mafi yawan mutane ke ruɗewa. A idon doka, duk waƙar da ka ji a rediyo dukiya biyu ce a haɗe, kowacce da mai ita.

Ta farko ita ce waƙar kanta: baitoci da karin murya, abin da ke nan ko da ba a taɓa shiga situdiyo ba. Asalin mai ita shi ne wanda ya tsara ta. Amma a kasuwar Amurka marubuci yakan miƙa mallakarta ga kamfanin da ke kula da haƙƙin waƙoƙi, wanda zai yi rajista, ya ba da izini, ya tara kuɗi. A tsohuwar al'ada ana raba abin da ya shigo biyu, rabi na marubuci, rabi na kamfani. Sai dai wuƙa da nama suna hannun kamfanin. Shi ke cewa a saka waƙar a fim ko kar a saka, a yi talla da ita ko a bari, kuma shi ke da ikon kai ƙarar wanda ya sace ta.

Ta biyu ita ce naɗin, wato takamaiman sautin da aka ɗauka a situdiyo rana kaza da murya kaza. Wannan shi ne abin da 'yan kasuwar kaset na Ƙofar Wambai suka sani da masta, uwar da ake buga dukkan kofe daga jikinta. Yawanci kamfanin faifai ne mai shi, don shi ya biya kuɗin situdiyo, masu kiɗan kuma ana ba su wani kaso cikin ɗari na ciniki. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ma haka ta raba su, waƙa daban, naɗi daban, kowanne da tsawon wa'adinsa.

Kuɗi na shigowa ta ƙofofi daban-daban, kuma ƙofofin ba su daidaita ba. A duk faifan da aka buga, akwai ɗan abin da doka ta yanka wa mai mallakar waƙa. A zamanin Creedence senti 2 ne kan kowace waƙa a kowane faifai, farashin da bai motsa ba tun 1909 sai a 1978. Kamar ba komai, amma a yi lissafi: albam mai waƙa goma da aka sayar da kofe miliyan ɗaya ya tara dala 200,000 ta wannan ƙofa kaɗai, kuma ba ruwan mai ganga da ita in ba shi ya rubuta ba. Ƙofa ta biyu ita ce rediyo. A Amurka, har yau, gidajen rediyon AM da FM suna biyan marubuci da kamfaninsa ne kawai, ba sa biyan wanda ya rera ko ya kaɗa ko sisi. Ƙofa ta uku ita ce fim da talla, inda ake buƙatar izini biyu, na mai waƙa da na mai naɗi. Akwai kuma wata ƙa'ida: da zarar waƙa ta fito kasuwa, kowa na iya sake rera ta a nasa faifan ba tare da neman yardar kowa ba, muddin ya biya abin da doka ta yanka. Ta haka ne "Proud Mary" ta Ike da Tina Turner, wadda ta yi tashe a 1971, ta riƙa zuba kuɗi a aljihun masu waƙar.

To a kwantiragin 1968, Fantasy ta riƙe naɗin, reshenta mai suna Jondora kuma ya riƙe waƙoƙin. Dukiya biyun duka suka faɗa hannun mutum ɗaya, Saul Zaentz. Kuma tunda John ne ya rubuta kusan duk waƙoƙin da suka yi tashe, shi ne ya fi kowa asara wajen kamfani, kuma shi ne ya fi abokansa samu. Wannan ya sa rikicin ya kasance mai baki biyu.

Takardar 1968 da bankin Bahamas

Babu wanda ya ɗora musu bindiga. Samari ne 'yan shekara ashirin da 'yan kai da suka kusa shekara goma suna kiɗa ba a san su ba, sun ɗauki Zaentz aboki, kuma ba su da manaja. John ne ya zama manajan ƙungiyar, bayan rubutu da rerawa da tsara kiɗa da kula da ɗauka a situdiyo. Daga baya kowa ya tura wa ɗan'uwansa laifi. Stu Cook ya sha cewa rashin ƙwarewar John a harkar kasuwanci ne ya jefa su cikin mafi munin kwantiragin da wata babbar ƙungiya ta taɓa sa wa hannu a Amurka. John kuma ya ce mahaifin Stu lauya ne, an ba Stu takardar ya kai masa ya duba, kuma da suka tambaya aka ce ba matsala.

Ban da mallakar waƙoƙi, takardar ta ɗora musu bashin aiki: adadin waƙoƙin da dole su kawo wa kamfani, wanda in ba a cika ba sai ya gangara shekara ta gaba. Irin wannan sharaɗi shi ne igiyar da ke ɗaure mawaƙi ko da shekarun kwantiragi sun ƙare a kalanda. Da ƙungiyar ta watse, Fantasy ta sallami sauran, ta riƙe John, tana binsa albam takwas. A 1973 ya fitar da albam na tsofaffin waƙoƙin wasu, ya kaɗa duk kayan kiɗan shi kaɗai, bai ko sa sunansa a bango ba. Daga baya kamfanin Asylum na David Geffen ya biya dala miliyan ɗaya ya fanshi wani ɓangare na kwantiragin. Igiyar ba ta tsinke gaba ɗaya ba sai a 1980, lokacin da John ya sallama wa Fantasy kasonsa na cinikin faifan Creedence don ya samu kansa. A lura, kason mai rerawa ne ya bari a nan, mallakar waƙoƙin dama tun 1968 ba ta hannunsa.

Sai kuma batun banki. A wancan lokaci harajin masu manyan kuɗi a Amurka yana kaiwa kashi 70 cikin ɗari, don haka aka kawo musu dabarar ajiye kuɗinsu a Castle Bank da ke Nassau a tsibiran Bahamas, inda hannun hukumar haraji ba ya kaiwa. Cinikin biri a sama ke nan. Bankin ya rushe a 1977, kuɗin suka bi ruwa. 'Yan ƙungiyar sun yi zargin cewa ta hannun mutanen Fantasy aka shigar da su tsarin, kuma manyan kamfanin sun kwashe nasu kafin rushewar. Sun kai ƙarar akantoci da lauyoyin da suka ba su shawara, a 1983 kotu ta yanke a biya su dala miliyan 8.6, amma abin da ya shigo hannu bai taka kara ya karya ba.

A wannan tsakanin Zaentz ya koma harkar fim, ya shirya finafinai uku da suka ci kyautar Oscar ta gwarzon fim, na 1975 da 1984 da 1996. A ganin John, gumin Creedence ne ya gina wannan daula. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Masu kare Zaentz kuwa cewa suke ciniki ne aka yi a bayyane, kuma shi ya zuba jari a kan yaran da babu wanda ke so.

Abokan tarayya a takarda, ubangida da yara a aiki

Ba kamfani ne ya wargaza ƙungiyar ba, su ne da kansu. A ƙungiyar makaɗan gargajiya irin ta Mamman Shata babu gardama kan wane ne mai gida: akwai mai waƙa, akwai makaɗa da 'yan amshi, kowa ya san matsayinsa da rabonsa. Ƙungiyar rok ba haka aka gina ta ba. Abokan tarayya ne, suna ɗaya, ƙuri'a ɗaya ɗaya. Creedence a takarda haka take, amma a aiki John ya zama ubangida. Shi ke koya wa kowa abin da zai kaɗa. Ya kai har amshi ma shi yake komawa situdiyo ya ɗora da muryarsa, don bai gamsu da nasu ba. Shi ya yanke cewa an daina komawa kan dandamali in 'yan kallo sun nemi ƙari. Hujjarsa ita ce sun ɗanɗana talauci shekara tara, kuma ya gano abin da ke ci, ba zai bari a ɓata ba. Duk wanda ya saurari albam ɗin 1969 da 1970 zai yi wuya ya ce bai da gaskiya ta fuskar kiɗa. Ta fuskar zaman tare kuwa, ba a mayar da abokan ƙuruciya yara a zauna lafiya, balle yaya.

Tom ne ya fara gajiya. Mutumin da ƙungiyar ta taɓa ɗaukar sunansa ya koma yana tsaye a gefe yana rakiya, ƙanensa bai ba shi ko waƙa ɗaya ya ja ba. A ƙarshen 1970 ukun suka nemi a riƙa jin ta bakinsu, a farkon 1971 Tom ya fita.

Abin da ya faru bayan nan labari biyu ne. John ya ce tunda sun nemi dimokuraɗiyya ya ba su: kowa ya rubuta kashi ɗaya cikin uku na albam na gaba, ya rera abinsa. Stu da Doug suka ce ba abin da suka nema ke nan ba, su shawara suke so a riƙa yi da su, amma John ya ce ko su yi ko ya tafi, kuma ya ƙi rera waƙoƙin da suka rubuta. Albam ɗin, Mardi Gras, ya fito a Afrilun 1972 da waƙa goma, John ya ja huɗu, su biyun suka ja shida. Mai sharhin mujallar Rolling Stone, Jon Landau, ya ce bai taɓa jin albam mafi muni daga wata babbar ƙungiyar rok ba. Wata shida bayan nan aka raba gari.

Shari'ar satar kai

John ya yi kusan shekara goma shiru. A 1985 ya dawo da albam mai suna Centerfield a kamfanin Warner, ya hau mataki na ɗaya a Amurka. Amma bai iya haɗiye fushinsa ba. A ciki akwai waƙar habaici kan wani alade da ba ya iya rawa amma ya iya yankan aljihu, kuma sunan aladen ya yi kama da na Zaentz ƙwarai, har sai da aka sauya harafin farko a bugu na gaba. Zaentz ya shigar da ƙarar ɓata suna ta sama da dala miliyan 140, wadda daga baya aka sasanta a wajen kotu. Ƙara ta biyu ce ta shiga tarihi. Fantasy ta ce sabuwar waƙarsa "The Old Man Down the Road" ba komai ba ce illa "Run Through the Jungle" ta 1970 da aka sauya wa baitoci. Tsohuwar ta Fantasy ce, sabuwar ta John ce, duka biyun shi ya rubuta.

Abin yana kama da wasa, amma a doka ƙarar tana da ƙafa. Mai ƙarar satar waƙa abu uku yake buƙatar nunawa: cewa shi ne mai tsohuwar, cewa wanda ake zargi ya san ta, da cewa sabuwar ta yi kama da ita sosai. Na farko akwai takarda. Na biyu ba ya buƙatar shaida. Saura na uku, kuma nan ne haɗarin yake, domin kowane mawaƙi yana da hannunsa, yadda ake gane ɗinkin tela ko rubutun malami. Da Fantasy ta ci, da ma'anarsa duk wanda ya sayar da tsofaffin waƙoƙinsa ya sayar har da salonsa, sai dai ya koyi waƙa irin ta wani.

A 1988, a kotun tarayya ta San Faransisko, John ya shiga akwatin shaida da jitarsa. Ya kaɗa wa masu taya alƙali yanke hukunci waƙoƙin biyu, yana nuna musu inda suka haɗu da inda suka rabu: abin da ya haɗa su salo ne na kiɗan bulus da ya gada kamar yadda dubban makaɗa suka gada, karin murya da ginin kowace waƙa kuwa daban. Doka ba ta ba kowa mallakar salo, takamaiman abin da aka tsara take karewa. Suka wanke shi.

Tsugune ba ta ƙare ba, domin kare kansa ya ci masa sama da dala miliyan ɗaya. Ya nemi Fantasy ta biya, kotu ta ƙi. A yankin kotunan Kalifoniya a lokacin, mai ƙara in ya ci ana biyansa kuɗin lauya kusan kai tsaye, wanda ake ƙara kuwa in ya ci sai ya nuna cewa da mugun nufi aka kawo ƙarar ko ba ta da tushe sam. Wannan ya ba manyan kamfanoni damar kai ƙara ba tsoro, ko sun faɗi sun riga sun tsiyata abokin gaba. John ya kai maganar Kotun Ƙolin Amurka, a watan Maris na 1994 alƙalai tara suka goyi bayansa baki ɗaya: a auna mai ƙara da wanda ake ƙara da mudu ɗaya. Kotun ba ta ce duk wanda ya faɗi dole ya biya ba, ta bar wa alƙali ya duba. Da aka mayar da shari'ar ƙasa, aka yanka masa kimanin dala miliyan 1.3. Har yau lauyoyin haƙƙin mallaka a Amurka na kafa hujja da wannan hukunci, a kan littattafai da manhajar kwamfuta ma, ba waƙa kaɗai ba.

Shekarun ƙauracewa, da rigimar suna

Shekara da shekaru John ya ƙi rera waƙoƙin Creedence a dandamali, don duk rerawa talla ce ga hajar Zaentz. A 1987, a wani ƙaramin gidan kiɗa a Los Anjalas, shahararren mawaƙi Bob Dylan ya tsokane shi cewa in bai rera "Proud Mary" ba duniya za ta ɗauka waƙar Tina Turner ce. Ya rera. A watan Yulin shekarar ya yi wa tsofaffin sojojin Biyetnam wasu daga ciki, amma sai a 1997 ya mayar da su cikin wasansa na yau da kullum.

Rashin iko da waƙa yana da ciwon da ya wuce kuɗi. A farkon shekarun 2000 kamfanin wandon Wrangler ya yi talla da "Fortunate Son", aka ɗauki baitin farko mai zancen ɗaga tuta aka yanke inda mawaƙin ke cewa shi ba ya ciki. Waƙar adawa ta koma ta kirarin ƙasa, kuma mai ita ba shi da ta cewa.

Tsakanin wa da ƙane abin bai gyaru ba. Su huɗun sun yi wasa tare sau ɗaya, a bikin auren Tom a 1980. A rigimar kotu Tom ya tsaya a ɓangaren Zaentz. Ya rasu a watan Satumban 1990 yana da shekara 48, sanadiyyar cutar ƙanjamau da ya ɗauka ta ƙarin jini lokacin tiyatar baya, ba su gama shiryawa ba. A 1993 da aka karrama ƙungiyar a zauren tarihin rok, John ya ƙi hawa dandamali da Stu da Doug, ya yi wasan da wasu mawaƙa irin su Bruce Springsteen, su kuwa suka fice daga zauren.

A 1995 Stu da Doug suka kafa Creedence Clearwater Revisited, suka ɗauko wani mawaƙi yana rera waƙoƙin John. Rera waƙoƙin ba ya buƙatar izininsa. Sunan ne abin rigima, don suna dukiya ce ta uku, alamar kasuwanci ce ta su huɗu, kuma matar marigayi Tom ta ba su ƙuri'arta. John ya samu umarnin kotu ya dakatar da su na ɗan lokaci, kotun ɗaukaka ƙara ta soke, a 2001 aka sasanta za su riƙa ba shi kaso. A 2014 aka sake komawa kotu.

Me ya saya a 2023, me ya rage

A 2004 kamfanin Concord ya sayi Fantasy. Sababbin masu gidan suka mayar wa John kason cinikin da ya sallama a 1980, har ya koma kamfanin a 2005. Zaentz ya mutu a Janairun 2014. Amma mallaka tana nan inda take.

Abin da ya sauya lissafi wani sashe ne na dokar Amurka mai kama da fansar gonar jingina. Waƙar da aka miƙa wa kamfani kafin 1978, marubuci ko magadansa na iya karɓe ta bayan shekara 56, ko da takarda ta ce har abada. Wadda aka miƙa daga 1978 kuwa shekara 35 ce. Ba kai tsaye take dawowa ba: sai an aika sanarwa a rubuce aƙalla shekara biyu kafin ranar, kuma taga ce ta shekara biyar, in ta rufe shi ke nan. A haɗa 56 da 1969, an samu 2025. Wato a farkon 2023 waƙoƙin sun kusa fara zamewa daga hannun Concord ko ta so ko ba ta so.

Sai dai wannan fansa a cikin Amurka kawai take aiki, kuɗin Turai da Asiya da sauran duniya suna nan ga kamfani. Shi ya sa John, bisa shawarar matarsa Julie, ya nemi ciniki maimakon jira. A Janairun 2023 ya sayi kaso mafi rinjaye na mallakar waƙoƙin a duk duniya, sama da waƙa 65, kan farashin da ba a bayyana ba. Saya ya yi da kuɗinsa, ba kotu ce ta ƙwato masa ba, kuma Concord na da sauran kaso. Ya yi haka ne a daidai lokacin da sa'o'insa ke sayarwa: Bob Dylan ya sayar da nasa ga Universal a 2020, Springsteen ya sayar wa Sony a 2021, kowanne kan ɗaruruwan miliyoyin dala kamar yadda jaridu suka ruwaito.

Naɗin asali kuwa yana hannun Concord. Ƙofar shekara 56 ba ta kai kansa ba, domin sautin da aka ɗauka kafin 15 ga Fabrairun 1972 ba ya ƙarƙashin dokar tarayya ta wancan lokaci, kuma aƙalla albam shida cikin bakwai na Creedence kafin wannan rana aka yi su. Amma dokar ta bar wata kafa: mai naɗi yana da iko ne kan ainihin sautin da aka ɗauka, ba shi da iko kan wanda ya shiga situdiyo ya sake kaɗawa daga farko, komai kamanninsu. Hanyar da mawaƙiya Taylor Swift ta bi ke nan da tsofaffin albam ɗinta, ita ce kuma John ya bi a 2025 tare da 'ya'yansa Shane da Tyler.

Ga mai shirya fim ko talla, yanzu lissafin haka yake: duk wanda ke son "Fortunate Son" sai ya bi ta ƙofar John, ko wane naɗi zai ɗauka. In tsohon yake so, ya ƙara da biyan Concord. In ya yarda da sabon, ɓangaren John ne ke da riba a ƙofa biyun. Ga mai sauraro a Spotify ko YouTube kuwa, waƙa ɗaya ce sau biyu a jere, kuma wadda ya danna ita ke nuna inda kuɗin naɗi za su. Stu Cook da Doug Clifford, waɗanda suka daina yawon wasa da Revisited, hannunsu na cikin tsohon naɗin ne kawai. A sabon, wasu ne ke kaɗa bes da gangunan da suka kaɗa a 1969.